Mu Yi wa Lambu Talla a Wurin 'Ya'yanmu

 Ga damina ta ja baya, an fara kai amfani gida, ba da daɗewa ba kuma za mu gangara fadama. Kafin a ɗauki fartanya ina so in kawo muku wata magana da ta daɗe tana ci mini rai. Na san ba kowa zai ji daɗinta ba, musamman iyayena dattawa, amma ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, sa'an nan ku amsa mini.

Bara na je taron shekara na wata ƙungiyar gama kai. Ba zan faɗi sunan garin ba, gama abin da na gani a can na gan shi a wurare da yawa. A cikin majami'a aka yi taron. Sa'ad da sakatare yake karanta rahoto sai na shiga ƙirga kawuna, halin wanda ya taɓa riƙe aji. Mutum 41 ne a ɗakin. Waɗanda ba su kai shekara 40 ba mu huɗu ne, har da ni da na zo baƙunta. A waje kuwa, a gindin mangwaro, samari sun fi 15 zaune a kan babura, suna jira a tashi su kwashi iyayensu zuwa gida a biya su kuɗin acaba.

Da aka zo kan maganar fadama, wani dattijo ya miƙe da ƙyar ya ce shi kam bana ba zai iya ba, gwiwa ta ƙi, sai dai a nemi wanda zai karɓi wurinsa haya. Mutum biyu suka bi bayansa. Daga nan taro ya juya ya zama na zagin yaran zamani: ragwaye ne, waya ta cinye musu hankali, ba abin da suke so sai kuɗin banza. Aka kusa awa guda ana wannan. Ba wanda ya ce a leƙa waje a kira ko ɗaya daga cikinsu a ji ta bakinsa.

Ni na ji ta bakin ɗaya, domin shi ya kai ni bakin titi. Na ce masa, "Ƙanena, babanka yana da fadama mai kyau, me ya hana ka lambu?" Ya yi shiru har muka haye gada, sa'an nan ya ce, "Malam, shekara bakwai na yi ina ban ruwa a lambun Baba. Ban taɓa sanin nawa aka sayar da kwando ɗaya ba. In an dawo daga kasuwa a saya mini sabulu, ran Kirsimeti a ɗinka mini riga. Babur ɗin nan ba nawa ba ne, amma in na ba mai shi nasa da yamma, abin da ya rage a aljihuna yake kwana."

Tun ran nan nake juya maganar yaron nan. Ga abin da na gani: 'ya'yanmu ba lambu suka ƙi ba, aikin da ba su ganin ƙarshensa suka ƙi. Mun nuna musu wahalar lambu tun suna ƙanana, ribar kuwa mun sa a aljihu mun ɗinke. Yanzu da muke bukatarsu, maimakon mu yi musu talla sai muke yi musu faɗa.

Kada kalmar talla ta ba ku mamaki. Ku dubi yarinyar da ke tallan gyaɗa a tasha. Ba ta tsayawa ta zagi wanda ya wuce bai saya ba. Takan wanke faranti, ta jera kayanta yadda za su ba da sha'awa, ta miƙa maka ƙwaya biyu ka ɗanɗana, ta faɗa maka kuɗin ba ɓoye-ɓoye. In ka saya ka ji daɗi, gobe kai za ka neme ta. To, kowa yana yi wa 'ya'yanmu irin wannan talla sai mu. Mai babur yana cewa, zo ka karɓa, kullum da yamma kana da naka. Mai ramin kuza yana nuna musu wanda ya samu cikin mako guda ya sayi sabuwar waya, ba ya nuna musu wanda rami ya rufta da shi. Masu caca ta waya suna da allo a kowace kwana. Mu fa, me muke cewa? "Ka yi karatu, ɗana, don kada ka ƙare kamar ni." Da bakinmu muke kushe kayanmu a gaban mai saye, sa'an nan mu yi fushi don bai taya ba. Har kirarin da muke yi wa noma, na duƙe, mu yabo muke ji a ciki, yaro kuwa duƙawar kaɗai ke shiga kunnensa.

Mu malamai ma muna da namu laifin, ni kuwa ba zan ɓoye nawa ba. Kafin in zama malamin gona na yi shekara uku ina koyarwa a wata firamare, bayan na fito kwalejin horon malamai. Yaron da ya makara, me nake yi masa? In miƙa masa fartanya in ce ya tafi lambun makaranta. Wanda ya yi surutu a aji ya ɗebo ruwa bokiti goma ya zuba wa alayyafo. Da alayyafon ya isa cira, mu malamai muka raba, kowa ya kai gidansa. Darasin aikin gona kuwa a allo muke yinsa: in zana garma, yara su kwafa, su haddace sunayen sassanta da Turanci don jarrabawa. Ashe abin da na koya musu cikin shekara ukun nan shi ne, lambu horo ne ga mai laifi, amfaninsa kuma na manya ne. Sun kuwa koya sarai. Ina roƙon kowane malami da wannan takarda za ta kai gare shi: in za ka hori yaro nemi wata hanya, ka ƙyale fartanya.

Gwamnati ma ta gwada nata tallan. Iyayenmu suna tune da shirin ciyar da ƙasa na 1976, zamanin Janar Obasanjo, sa'ad da aka ce kowa ya yi ɗan lambu a bayan gida, aka kuma tura ɗaliban manyan makarantu ƙauyuka da dogon hutu ana biyansu alawus. A 1980 gwamnatin Shehu Shagari ta kawo nata shirin. Shela kam an yi. Amma ɗalibin da ya yi hutu a gonar wani, hutu na ƙarewa ya karɓi alawus ya koma makaranta, ba shi da ko fangali ɗaya da zai nuna ya ce nasa ne.

Abin mamaki, kakanninmu da ba su shiga aji ba sun san maganin wannan. A gidan Bahaushe na dā akwai gandu, akwai gayauna. Gandu na gida ne duka. Maigida ke riƙe da shi, 'ya'ya da ƙanne su yi aiki tare tun da safe, daga rumbunsa ake ci, daga nan ake biyan haraji, a yi wa saurayi auren fari. Amma maigida mai hankali yakan yanka wa kowane saurayi, har da matan gida a wurare da yawa, ɗan yanki na kansa. Ita ce gayauna. Da yamma in an tashi daga gandu, ko a ranakun da aka ware, mai gayauna ya tafi wurinsa. Abin da ya shuka shi ya zaɓa, abin da ya girba nasa ne. Da yawa cikin sauran ƙabilunmu, na kan dutse da na kwari, suna da irin wannan al'ada da sunanta a harshensu. Ku tambayi tsofaffi ku ji.

A gayauna yaro ke koyon abin da ba a koyo a gandu. A gandu umarni yake bi. A gayauna shi ke yanke shawara: in ya makara da shuka shi zai gani a ƙwaryarsa, in ya yi ƙwazo shi zai sa sabon takalmi ran kasuwa. Ba tsoron uba kaɗai ya riƙe samari a gandu ba, gayauna ma igiya ce. Mu kuwa a lambun rani mun riƙe gandu mun yar da gayauna. Da injin ban ruwa da rijiyoyin fadama suka yawaita daga shekarun 1980 zuwa 1990, noman rani ya zama na kuɗi sosai, kowane taƙi na fadama ya yi daraja, maigida ya ga ba zai iya yanka wa yaro ba. Ya ci ribar shekara ashirin. Yau ga shi da fadama, ga inji, ba mai ja masa tiyo.

Kada wani ya ce wannan tsohon yayi ne da bai dace da masu ilmi ba. A ƙasar Amurka, a 1910, wata malamar makarantar ƙauye mai suna Marie Cromer, a jihar Karolina ta Kudu, ta tara 'yan mata 46 ta kafa musu ƙungiyar tumatir. Kowace yarinya ta sami kashi ɗaya cikin goma na eka, ta shuka tumatir, ta rubuta abin da ta kashe da abin da ta samu. Aka koya musu rufe shi a gwangwani don sayarwa, kuɗin kuwa na mai aiki ne. Cikin 'yan shekaru abin ya bazu a jihohin kudancin ƙasar, 'yan mata dubbai suka shiga. Samari kuma suna da tasu ƙungiyar ta masara, kowa da eka guda, har iyaye da yawa suka karɓi sabuwar dabarar noma bayan sun ga gonar ɗansu ta fi tasu. Irin waɗannan ƙungiyoyi suna cikin tushen babbar ƙungiyar matasan karkara da ake kira 4-H, wadda har yau tana nan. Ni da na karanta labarin sai na yi dariya na ce, ai gayauna ce, littafin lissafi kawai aka ƙara mata.

To, ga shawarata ga ƙungiyoyinmu, bana kuma nake nufi, ba baɗi ba. Kashi ɗaya cikin goma na eka wajen mita 20 ne tsawo, mita 20 faɗi. Ƙungiya nawa ce za ta ce ba ta da wannan? Akwai filin bayan majami'a da ciyawa ke ci kowace shekara, akwai wuraren dattawan da gwiwa ta ƙi, waɗanda ake shirin ba baƙi haya. A auna, a kafa turaku, a rubuta sunan yaro ko yarinya a littafin ƙungiya, sunansa shi kansa, ba "ɗan wane" ba. A yi masa alkawari a gaban shaidu cewa wurin yana hannunsa rani biyu ko uku, ba mai karɓewa don ya ga ya yi kyau. Wannan alkawari shi ne ginshiƙin abin duka. Na san inda aka ba samari wuri mai duwatsu, suka tsince, suka zuba taki, suka yi shinge, da shekara ta kewayo mai wurin ya ce ɗansa na birni yana so. Samarin garin nan yanzu ko da kuɗi ba ka kai su fadama.

A kuma dubi dokokin ƙungiya. Da yawa don magidanta aka rubuta su: kuɗin shiga mai nauyi, mutum ɗaya daga kowane gida. A buɗe reshen matasa, kuɗin shiga kaɗan, a biya bayan an fara sayarwa. A ba su kujera biyu a kwamiti, masu ƙuri'a, ba masu jera benci da share ɗaki ba.

Sai abin da za a shuka, a nan kuwa mu malaman gona mukan yi kuskure. Mukan fara yaro da tumatir domin shi ne sarkin lambu. Amma tumatir yana cin mako 3 zuwa 4 a wurin reno, ya ƙara wata biyu da rabi ko uku bayan dashe, sa'an nan ya nuna daidai lokacin da na kowa ya nuna. Wanda ya taɓa zuwa Kwanar Gafan ta Kano ko Farin Gada ta Jos tsakanin Janairu da Maris ya ga yadda kwanduna ke jibge, mai saye yana taya yadda ya ga dama, don ya san ba ka komawa gida da kaya. Ga kuma tsutsar nan da manoma suka sa wa suna Sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa a 2016, har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Tun daga lokacin takan dawo in zafi ya shigo. Babban manomi ya iya jure irin wannan hasara ya sake tashi. Yaron da ya fara da ita ba zai dawo ba.

Wanda ya saba da kuɗin acaba na kullum ba za ka ce masa ya jira wata huɗu ba. A fara shi da abin da ke biya da wuri. Alayyafo mako 3 zuwa 4 ya isa cira. Latas yana son sanyin hunturu, wajen mako 6 zuwa 8. In sanyi ya wuce a bi da kokwamba da kuɓewa; kuɓewa wata biyu ta fara, in ta fara kuwa duk bayan kwana biyu ko uku ana tsinka. A raba filin fangali-fangali, a riƙa shuka alayyafo fangali biyu kowane mako maimakon a zuba duka rana ɗaya, domin kowace ranar kasuwa yaro ya sami abin kaiwa. Rabin filin kuma a sa albasa, ita ce asusunsa. Tana cin wata 4 zuwa 5 daga iri, amma in an bar ta ta bushe sosai aka ajiye a rumfa mai iska tana jiran mai ita, ba kamar tumatir ba. Wanda ya cire a Maris ko Afrilu ya iya riƙewa har kuɗinta ya tashi. Mutanen Aliero a Kebbi da na Galmi a Nijar da albasa suka yi suna, ta Galmi har Gana ake kai ta. Ganye ya riƙe wa yaro aljihu mako-mako, albasa ta biya kuɗin jarrabawa ko ta sayi keken ɗinki. Tumatir da attaruhu sai rani na biyu, in hannu ya faɗa.

Maganar ruwa kada a raina ta. Fili irin wannan yana shan wajen lita 2,000 a rana in zafi ya yi, watau jarka 80 mai cin lita 25. Wanda ya ce yaro ya yi wannan da bokiti ya koma horon nan da na ambata. A jera filayen matasa kusa da juna, inji ɗaya na ƙungiya ya shayar da su bi da bi, su raba kuɗin mai. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mai ya zama babban kaya a kan mai lambu, saboda haka ƙungiyar da ke da hali ta yi tunanin inji mai aiki da hasken rana. Tsadarsa ranar saye ce, kuma irin abin da ƙungiya ke iya ɗauka ne ko da mutum ɗaya ba zai iya ba.

Yanzu littafin lissafi, wanda a ganina ya fi taki muhimmanci. Kowane yaro ya sami ɗan littafin makaranta. A hagu ya rubuta abin da ya fita: iri, taki, mai, magani, kuɗin mota. A dama abin da ya shigo, da kwanan wata. Amma ba za mu ce yara su buɗe nasu mu kuwa mu rufe namu ba. Ina so a taro mai zuwa manomi ɗaya mai gaskiya ya tsaya gaban allo, a gaban matasa, ya rubuta abin da ya kashe a lambu bara da abin da ya samu, kwando-kwando. Na san abin da ke hana mu. Muna tsoron dangi su ji su zo rance, waɗansunmu kuma, a yi mini gafara, suna tsoron ma'ajin ikkilisiya ya ji. To, amma muddin muna ɓoyewa, cinikin biri a sama muke kiran yaro ya yi. A rubuta har da shekarar da aka faɗi, da dalilin faɗuwar. Mai ramin kuza yana ɓoye gawa, mai caca yana ɓoye waɗanda aka cinye. Mu ba mu da bukatar ɓoye kome, gama in an haɗa rani uku, mai kyau da marar kyau, aka ajiye kusa da lissafin ɗan acaba bayan an cire na mai babur da mai da gyara, yaro yana da ido, zai gani da kansa.

Na san amsoshin da za a ba ni, domin an riga an ba ni su a taro fiye da ɗaya. Wata uwa ta ce mini, "Malam, kuɗi zai lalata yaro." Na ce, "Mama, kuɗin ai yana shiga hannunsa tun tuni, a tasha da bakin rami, inda ba mai koya masa yadda ake riƙe shi. Gara kuɗinsa na fari ya fito daga ƙasar da kike gani, ki kuma sa shi cikin adashi." Waɗansu suka ce za su ci rance su gudu. Kada a ba su tsabar kuɗi mana. A ba su iri, da taki, da awoyin inji, su haɗu biyar-biyar suna lamunin juna, a cire ran sayarwa. Duk da haka waɗansu za su kasa, ban musa ba. Amma kafin mu yanke musu hukunci, ma'aji ya buɗe littafin bashi ya karanta mana shekarun waɗanda suka fi daɗewa ba su biya ba.

Amsar da ta fi nauyi ita ce ta dattijon da ya ce, "Ɗana, in na yanka masa nasa, wa zai yi mini nawa?" Wannan tambaya ce ta gaskiya, ba na wasa da ita. Hannun da ke gayauna ba ya gandu a wannan sa'a. Sai dai, Baba, yau ba ya ko ɗaya. 'Yan ƙwadago kake biya, ko kuwa haya za ka bayar. Kakanninmu sun raba lokaci, safe na gandu, yamma na gayauna, suka sami duka biyu. Yaron da ke gangarawa fadama kullum don nasa, ba zai wuce inji yana tari a wurin ubansa ya ƙi dubawa ba.

'Yan mata kuwa kada a bar su a baya da cewa za su yi aure su tafi. Filin ba ya bin ta gidan miji, sanin da ta samu ne ke bin ta, wannan kuwa ba hasara ba ce. Ga shi ma sayar da ganye a kasuwanninmu yawanci a hannun mata yake. Zumuntar mata da ke dafa abincin biki da na manyan taro, da masu abinci a tasha, da makarantun kwana, duk masu saye ne da ke kusa, a yi magana da su tun kafin a shuka. Ban ce a mai da ƙofar majami'a kasuwa ran Lahadi ba, kada a kai ƙarata.

Ba kuma kowane yaro ne zai duƙa ba, lambu yana da ƙofofi da yawa. Akwai renon iri a sayar wa masu dashe. Akwai auren mangwaro da lemo, sana'ar wuƙa ce da haƙuri, ba ta cin fili. Akwai gyaran inji, akwai shanya kauɗar tumatir a kan gado mai tsabta maimakon bakin titi, akwai ba da hayar akwatunan roba waɗanda ba su matse tumatir kamar kwando. Wayar nan da muke zagi, da ita yaro zai ji farashin Farin Gada ko 'Yan Kaba kafin dillali ya iso, ya kuma ɗauki hoton kayansa ya aika wa mai saye ta WhatsApp. Mai son aikin ƙwaƙwalwa a ba shi labarin Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, wanda ya yaɗa dabarar sa ƙaramar tukunya cikin babba da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don kayan miya su daɗe ba su lalace ba, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Mai son karatu mai zurfi ya sani akwai Samaru a Zariya, akwai cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa a Ibadan tun 1975.

Abu biyu ne ba na so a yi sakaci da su. Kada ƙaramin yaro ya taɓa maganin ƙwari. Babba ma ya rufe hanci da jiki, ya kuma kiyaye kwanakin da aka rubuta a kwalba tsakanin feshi da tsinka, musamman a ganyen da ake ci ɗanye. Na biyu, a wannan zamani na rashin kwanciyar hankali kada a tura matasa fadama mai nisa su kaɗai. A zaɓi wuri kusa da gari, a yi shinge, kada a toshe burtali ko mashaya, dattawa su zauna da makiyayan da ke kusa tun kafin a zuba iri. 'Yan makaranta kuma safe da yamma da Asabar ne nasu, lambu bai zo ya fitar da kowa daga aji ba.

Shi tallan kansa, ba ni zan yi shi ba, ba kuma shugaban ƙungiya ba. In na yi magana yara su ce aikinsa ne, albashi yake ci. Mai tallan gaske shi ne tsaransu da ya biya kuɗin jarrabawarsa daga fangali goma, gani kuwa ya kori ji. Saboda haka kada a fara da mutum hamsin. A fara da biyar ko shida masu so, a tsaya musu har su ci riba. A ɗauke su da asuba a kai su babbar kasuwa su ga manyan motoci ana loda kabeji da karas zuwa kudu. A ƙarshen rani a yi ranar nuni, a gayyaci gari, a ba da kyautar tiyo ko buhun taki, ba ga mai kabeji mafi girma ba, ga wanda littafinsa ya fi tsabta ribarsa kuma ta fito fili. Ran godiya kuma a bar yaro ya kawo nasa da hannunsa, daga nasa filin.

Watan jiya na koma garin nan da na fara ba ku labari, na kawo musu wannan shawara. An yi gardama sosai. Dattijon nan mai ciwon gwiwa ya ce shi ya yarda a auna fili shida a wurinsa, in dai za a riƙa ba shi ganyen miya. Ƙanensa ya ce bai yarda ba, kuɗin haya a hannu ya fi masa. An ɗaga maganar zuwa taro mai zuwa, wannan karon kuma an ce za a kira samarin gindin mangwaro su shigo ciki. Na yi alkawari zan zo da igiyar awo da littattafai shida. Ƙungiyar da ke so a auna mata ta aiko mini ta hannun sakatarenta kafin ƙarshen Oktoba, domin a sami zuba irin albasa a kan lokaci.